Yadda na kai ƙarar kamfanin da motarsa ta karya mini ƙafa

Sana'ata gyaran wutar lantarki ce, kuma rabin aikin a kan tsani ake yin sa. Wayoyin cikin silin, fitilun sama, fankoki, duk sai an hau. Wata rana na gama aiki a wani gini, ina tsaye a gefen hanya ina naɗe waya, sai wata babbar motar kamfanin rarraba kaya ta yo ribas ta matse mini ƙafar dama da bango. Direban bai gan ni ba. Yaron motar da ya kamata ya sauko ya duba masa baya yana zaune a gaba abinsa. Ƙararrawar nan da ke kuka idan babbar mota tana ja da baya kuma ba ta yi ko ƙis ba. Ƙasusuwan ƙwauri biyu suka karye, karayar ta gangara har cikin gaɓar idon sawu. Aka yi tiyata, aka sa ƙarfe da kusoshi.

Ina kwance a asibiti, ɗinkin ma ba a cire ba, wani mutum ya zo daga kamfanin inshorar motar. Mutum ne mai ladabi, ya yi mini sannu, ya tambayi iyali, sannan ya zaro takarda. Za su biya kuɗin asibitin da aka kashe, su ɗora wani abu a kai na rage zafi, ni kuma in sa hannu. A lokacin aljihu ya bushe, magani ana jiran a saya, kuɗin ya yi mini kyau a ido ƙwarai. Yayana ne ya miƙa hannu ya karɓi takardar ya ce, "Ranka ya daɗe, bar mana ita mu karanta tukuna, yanzu ba ya cikin natsuwarsa." Can ƙasan shafi na biyu akwai wani layi da ke cewa wannan biya shi ne na ƙarshe, kuma na yafe duk wani haƙƙi da ya shafi hatsarin, wanda na sani da wanda zai bayyana nan gaba. A ranar kuwa babu likitan da zai iya cewa ƙafar za ta koma daidai ko ba za ta koma ba. Shi ya sa suke zuwa da wuri. Ban ce mugunta ba ce, aikinsu ke nan, su rufe fayil tun yana da arha.

A dangi an rabu biyu. Wasu suka ce ƙaddara ce, a bar wa Allah, shiga kotu ɓata lokaci ne da jawo gaba. Ni ban taɓa musun ƙaddara ba. Amma kamfanin yana biyan inshora duk shekara ne saboda rana irin wannan, kuma yarana ba za su daina cin abinci ba don na yi kawaici. Da aka sallame ni, Yaya ya kai ni wurin lauya a kan sanduna.

Na shirya ba shi labarin azabar da na sha. Shi kuwa abin da ya fara tambaya shi ne, "Malam, wace rana abin ya faru?" Ya rubuta ranar ya ja mata layi biyu. Ya ce irin wannan ƙara tana da wa'adi, idan ya wuce, ko hujjarka ta kai tsauni kotu ba za ta buɗe ta ba. Wa'adin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Ingila shekara 3 ne a ƙarƙashin dokar 1980, a jihar Kalifoniya ta Amurka shekara 2, a Faransa kuwa shekara 10 daga lokacin da raunin ya tsaya inda zai tsaya. Idan hukumar gwamnati ce ta ji maka rauni, a wurare da yawa lokacin da ake ba ka na sanar da ita ya fi haka gajarta nesa ba kusa ba, wani wurin watanni ne kawai. Mutane da yawa suna rasa haƙƙinsu ne suna zaune suna jiran alkawarin "za mu duba", har wa'adin ya cinye su.

Na ce masa ai 'yan sanda sun riga sun gurfanar da direban. Ya ce wannan shari'ar daban ce. Waccan tsakanin hukuma ce da direba, a kan laifin tuƙin ganganci, idan aka ci shi tara ma aljihun gwamnati za ta shiga. Tawa shari'ar diyya ce, ni ne mai ƙara, kuma ni zan kawo hujja. Sauƙin da ke ciki shi ne ma'aunin bai kai na shari'ar laifi nauyi ba. A can sai an kawar da duk wata shakka mai ma'ana. A nan ya isa alƙali ya ga cewa labarina ya fi nasu rinjaye, ko da da kaɗan ne.

Abu huɗu ya ce sai mun tabbatar: cewa direban yana da nauyin kula da lafiyar mutanen da ke kusa da motarsa, cewa ya yi sakaci da wannan nauyi, cewa sakacin ne ya jawo raunin, da cewa raunin ya jawo mini asarar da za a iya aunawa. Ya ba ni labarin shari'ar da ake koyar da kowane ɗalibin lauya a ƙasashen da suka gaji tsarin shari'ar Ingila. A 1928 wata mata mai suna May Donoghue ta sha lemon citta a garin Paisley na ƙasar Sikotland. Kwalbar mai duhu ce, ba a ganin cikinta, kuma ta ce da aka tsiyaye ragowar sai ga ruɓaɓɓen dodon koɗi ya faɗo, ta yi rashin lafiya. Ba ita ta sayi lemon ba, saya mata aka yi, don haka babu ciniki tsakaninta da mai kamfanin, wani David Stevenson. A 1932 kotun ƙoli ta Birtaniya ta wancan zamani ta ce duk da haka tana da damar yin ƙara. Alƙali Lord Atkin ya ce wajibi ne mutum ya kiyaye cutar da maƙwabcinsa, maƙwabci kuwa a shari'a shi ne duk wanda hankali zai nuna maka cewa aikinka zai iya taɓa shi. Abin da ya ba ni dariya daga baya shi ne, ba a taɓa zama an tabbatar da cewa akwai dodon koɗin a kwalbar ba. Stevenson ya rasu, magadansa suka yi sulhu a wajen kotu.

Kamfanin muka sa a gaba, direban yana biye. Dalili kuwa, a bakin aiki yake lokacin da abin ya faru, kuma doka tana ɗora wa ubangida alhakin sakacin ma'aikacinsa a cikin aikin da ya sa shi. Direba ba shi da abin da zai biya ni. Kamfani yana da shi, bayansa kuma akwai inshora, su ne ma za su ɗauki lauyoyin da za su kare ƙarar. Sai da Barista ya binciko cikakken sunan kamfanin kamar yadda aka yi masa rajista, domin sunan da ke jikin mota sau da yawa ba shi ne na takarda ba, kuma ƙarar sunan da ba shi da rajista kan iya rushe shari'a tun kafin a fara ta. Maganar ladansa ma a rubuce muka yi ta. Ba ni da abin biya a gaba, saboda haka muka yarje zai ɗauki kaso daga abin da aka samu, idan ba a samu komai ba shi ma ya tashi a tutar babu. A Amurka wannan tsari ya zama ruwan dare, kason yakan kai kashi ɗaya bisa uku, wasu ƙasashen kuma sun sa masa iyaka. Kuɗin shigar da ƙara da na rahoton likita daban suke, kuma na tambaya aka rubuta wanda zai fara biyansu.

Daga nan muka shiga wahalar da ban taɓa kawowa a raina ba, wato tara takardu. Diyya kashi biyu ce. Akwai asarar da ake lissafawa da alƙalami: kuɗin tiyata, magani, hoton ƙashi, gashin ƙashi, motar zuwa asibiti, da aikin da na rasa. Wannan sai an jero ta ɗaya bayan ɗaya a takardar ƙara, kowace da shaidarta. Akwai kuma wadda ba ta da rasit: zafin ciwo, ɗingishi, da abin da mutum ya saba yi ya daina iyawa. Wannan alƙali ne ke kimantawa, yana duba abin da kotuna suka ba masu irin raunin a baya. Maiɗakina ta samo wani kwalin takalmi, duk takardar da ta shigo gidan daga asibiti ko kantin magani a ciki take jefa ta. Rasit ɗin da injin kanti ke fitarwa tawadarsa tana gogewa da zafi, don haka duk wanda ya zo sai an yi masa hoto an kwafa. Kwalin nan ya yi mana aikin da shaidu uku ba za su yi ba.

Inda aka sha fama shi ne tabbatar da abin da nake samu. Mai albashi zai kawo takardar albashinsa a wuce wurin. Ni mai aikin hannu ne, yau a samu gobe a rasa. Allah ya sa ina da wani littafi da nake rubuta ayyuka, sunan mai gida, kayan da aka saya, abin da aka biya da sauran bashi. Littafin duk maiƙo, wasu shafukan sun yage. Barista ya haɗa shi da bayanan asusun bankina na shekarun baya, ya fitar da matsakaicin abin da ke shigowa a wata. 'Yan kwangila biyu da nake yi wa aiki suka yarda su rubuta shaida. Har hidimar da maiɗakina ta yi mini, ta bar nata aikin tana ɗaga ni tana kwantarwa, ya sa a lissafi, ya ce kotuna da yawa suna karɓar wannan.

Shaidar wurin hatsari kuwa saurin lalacewa gare ta. Kyamarar tsaron ginin tana share tsohon hoto ta ɗora sabo a kai, kafin wasiƙar lauya ta isa an riga an share. Abin da ya rage mana shi ne hotunan da Yaya ya ɗauka da wayarsa a ranar, na bangon da na bayan motar da lambarta, da kuma maigadin ginin da ya ga komai. Barista ya sa aka rubuta bayaninsa tun da wuri ya sa hannu. Dabara ce mai kyau, domin kafin a kira shari'a ya bar aikin, sai da aka yi ta cigiya aka gano shi.

Na ƙosa a shigar da ƙara, Barista yana ta ja mini birki. Ya ce sai likitan ƙashi ya ga inda ƙafar ta tsaya, domin diyya sau ɗaya ake yanke ta, ba a dawowa a ce ciwo ya ƙaru. Da rahoton ya fito ya ce ƙashi ya haɗe, amma gaɓar ta sandare, akwai yiwuwar amosanin gaɓa nan gaba tunda karayar ta shiga cikinta, za a bukaci wata tiyatar ta cire ƙarfe, kuma bai ba da shawarar in koma aikin tsani ba. Na karanta wannan layi na ƙarshe a cikin mota, ban yi magana ba har muka isa gida.

Aka aika wa kamfanin wasiƙar neman diyya da wa'adin amsa. Suka amsa da tayin da bai fi na asibiti da wani abin kirki ba. Sai muka shigar da ƙara. Aka kai takardun wurin magatakardar kotu, aka biya, aka buga hatimi aka ba da lamba, ma'aikacin kotu ya kai musu sammaci ya dawo da shaidar sun karɓa. Amsarsu da ta zo ta hana ni barci. Sun musanta komai. Sun ce ni na shiga bayan mota ina waya, cewa ƙararrawar lafiyarta ƙalau, cewa raunin bai kai yadda nake faɗa ba. Na kira Barista rai a ɓace na ce, "Barista, ƙarya fa suke yi mini!" Ya ce, "Kwantar da hankalinka, Malam. Haka ake rubuta ta. Duk abin da ba su musa ba an ɗauka sun amince da shi." Zargin waya kuma ba banza suka kawo shi ba. Idan kotu ta ga mai ƙara yana da hannu a abin da ya same shi, takan rage diyyar gwargwadon kasonsa na laifi. Muka nemo bayanan kiran layina daga kamfanin waya, suka nuna babu kiran da ya shiga ko ya fita a lokacin.

Akwai matakin da kowane ɓangare ke bayyana wa ɗayan takardun da ke hannunsa masu alaƙa da shari'ar, har waɗanda ba su yi masa daɗi ba. Mun nemi littafin garejin kamfanin. Suka yi ta jan ƙafa sai da alƙali ya ba da umarni. A ciki, makonni kafin hatsarin, ga rahoto da rubutun hannun direban nan cewa ƙararrawar ribas ta mutu. Gurbin da makaniki zai sa hannu idan ya gyara babu komai a ciki. Ga kuma dokar kamfanin da kansa, cewa ba a ja da babbar mota baya sai da mai duba wa direba.

Su ma sun tura ni wurin nasu likitan. Ya sa na taka daga ƙofa zuwa taga yana kallon ƙafar, ya ce in tsaya a kan yatsu, na kasa. Ya ɗauko wani ma'auni mai hannu biyu ya ɗora a idon sawun ya ce in ɗago tafin ƙafar sama. Ta hagu ta ɗago kusan digiri 20, yadda lafiyayyar ƙafa ke yi. Ta dama da ƙyar ta motsa. Da wannan ɗan motsi mutum ke hawa matakala, ya tsuguna, ya daidaita a kan tsani. Bai ce komai ba, ya rubuta. A rahotonsa sai ya kama wani zaren, ya ce ciwon sugan da nake da shi ne ya jinkirta warkewar. Barista bai damu ba. Ya ce ƙa'ida ce tsohuwa, wanda ya ji wa mutum rauni zai ɗauke shi ne a yadda ya same shi, ba zai ce ai da lafiyayye na buge da ya warke da wuri ba. Abin da suke da damar bincika shi ne ko na bi umarnin likita, domin mai rauni ma wajibi ne ya rage asararsa. Katin zuwa gashin ƙashi yana cikin kwalin.

Sai zaman jira. Yau lauyansu yana wata kotu, gobe alƙali ya tafi taro, jibi shaida bai zo ba. Ka yi wanka ka ɗingisa ka je, a kira lambarka, a yi magana ta minti biyu, a ɗage. Shekaru suka shige a haka. Na koma gyaran ƙananan kayan wuta a zaune, abin da ke shigowa bai kai rabin na da ba.

Ranar da na shiga akwatin shaida, bayanina an riga an rubuta na rantse a kai, don haka Barista bai daɗe da ni ba. Lauyansu ya miƙe, dattijo mai sanyin murya. "Malam, ka ce ba ka iya tsayuwa mai tsawo, haka ne?" Na ce haka ne. Ya miƙo wani hoto da wani ɗan'uwa ya sa a Facebook, ga ni tsaye a taron dangi ba sanda, ina dariya. "Wannan kai ne?" Na ce ni ne. "Ina sandar?" Zuciyata ta yi zafi, na ji kamar in kwance ɗaurin in nuna masa tabon. Amma Barista ya riga ya horar da ni: ka saurari tambaya, ka amsa ita kaɗai, ka fuskanci alƙali, abin da ba ka tuna ba ka ce ba ka tuna ba, kada ka ƙara gishiri. Na ce, "Ya Mai Shari'a, na miƙe ne a ɗauki hoto, sandar tana jingine da kujerar da ke bayana." Alƙali ya karɓi hoton ya gyara tabarau. Kan sandar ya fito a gefen kujera. Lauyan ya wuce tambaya ta gaba kamar ba a yi komai ba. Ya bi littafin ayyukana shafi-shafi, ya tsamo wurare biyu da lissafin bai dace da na banki ba, kuma waɗannan sai da aka cire su. A wurin na gane abin da ake nufi da shari'a saɓanin hankali. Ciwon da ya hana ni barci bai sami minti biyar ba, shafin littafi mai maiƙo ya ci kusan awa guda.

Direban ya ba ni tausayi. An riga an sallame shi daga aiki. Da Barista ya nuna masa shafin littafin gareji ya tambaye shi rubutun wane ne, ya ce nasa ne. An gyara? Ya ce ba a gyara ba. Ya gaya wa wani? Ya ce ya gaya wa shugaban gareji, aka ce ya lallaɓa da ita haka kaya suna jira. A harabar kotu ya zo ya kama hannuna ya ce in yafe masa. Na ce tsakanina da shi babu komai.

Ba a yi mako biyu ba lauyoyin inshora suka nemi a zauna. Mafi yawan irin waɗannan ƙararraki a sulhu suke ƙarewa, wasu tun kafin a je kotu. Tayin da suka kawo ya ninka na asibiti sau da yawa, amma bai kai abin da muka nema ba. Barista ya shimfiɗa mini lissafin ba ɓoye-ɓoye. Idan muka jira hukunci, mai yiwuwa a ba mu fiye da haka, mai yiwuwa kuma alƙali ya yanke kason asarar aikin gaba, tunda ina ɗan taɓa aiki a zaune. Ko mun ci, suna da damar ɗaukaka ƙara, wasu shekarun ke nan. Hukunci kuma takarda ce, karɓo kuɗin wani aikin ne na daban. Ya ce, "Shawara tawa ce, amma ƙafar taka ce, kai za ka yanke." Na yi shawara da Yaya da maiɗakina. Muka mayar musu da cewa sai sun ƙara cikakken kuɗin tiyatar cire ƙarfe da na gashin da zai biyo baya, kuma a sa ranar biya a rubuce. Aka yi ta ja-in-ja, suka amince.

Aka kai yarjejeniyar gaban alƙali ya mayar da ita hukuncin kotu, yadda idan suka saɓa za a iya tilasta musu biya ba sai an sake sabuwar shari'a ba. A ciki an rubuta cewa kamfanin bai amsa laifi ba. Wannan layi ya tsaya mini a rai, na so a cire, Barista ya ce kusan kowane sulhu da shi ake rufewa. Kuɗin ya shigo asusun ofishin lauya, ya ba ni takardar lissafi: kasonsa, kuɗin kotu, na rahoton likitoci, sannan nawa. Na biya basussukan da na ci lokacin jinya, na ware na tiyata a wani asusu daban. Da ragowar na sayi kayan aiki na ɗauki yara biyu. Su ke hawa tsani yanzu, ni ina ƙasa ina karanta zanen wayoyi ina gwada layi. Likita ya sa tiyatar cire ƙarfen a farkon shekara mai zuwa, ya ce in shirya barin aiki na wasu makonni.